Baba Bulus da Biyar Ɗin da Na Manta

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata, wata ranar Talata a 1996, Baba Bulus ya leƙo ta saman tabaraunsa ya ce mini, "Lamba Sifiri, Madam ta ƙara darasi ɗaya, sun zama shida. Gyara." Na ce to. Daga wannan "to" ɗin komai ya fara lalacewa, kuma sai yau da ba ya duniya na samu bakin faɗa muku.

Lamba Sifiri ni ce, Rakiya, don ni na fara yin rajista a ajinmu. Ku da kuka zauna a makarantarsa ta kwamfuta, a saman shagon masu taya kan hanyar kasuwar Suleja, kun san mutumin ba ya fara ƙirga daga ɗaya. Harshen kwamfuta na C da yake koya mana daga sifiri yake farawa, to shi ma haka. Ka tambaye shi 'ya'yansa nawa, sai ya ce, "Sifiri zuwa huɗu." In ka ce huɗu ke nan, sai ya harare ka. "To babbar fa? Ka kashe mini ita?"

Sai kiret ɗin nan. Wayyo, kiret ɗin ƙwai na Baba! Kullum yana rungume da shi a hammata, layi biyar, gurbi shida-shida, ga dafaffen ƙwai guda ɗaya tal a ciki. Da shi yake koya mana jadawali mai layi da gurbi.

"Idonku ne ke ganin layi-layi," in ji shi. "Kwamfuta ba ta san layi ba. A cikinta gurabun nan talatin a jere suke, ɗaya bayan ɗaya, kamar layin kananzir. Foyinta kuwa yatsa ce mai nuna gurbi. Kana son layi na biyu, gurbi na uku? Daga sifiri muke ƙirga, to tsallake layi biyu, shida sau biyu, sha biyu. Ƙara uku. Sha biyar!"

Sai ya rubuta a allo, *(p + i*6 + j), ya ce p foyinta ce, i layi ne, j gurbi, shidan nan kuwa faɗin layi. Ya buga allon har alli ya karye. "Faɗi! Faɗi! Wanda ya manta faɗin layi, ƙwan maƙwabcinsa zai ɗauka!"

Wata rana ya rufe kiret ɗin da jarida ya ce a nemo masa ƙwan da lissafi. Chinedu, wanda babansa ke sayar da kayan mota, ya yi ta gumi har ya dace. Ya miƙa hannu yana washe baki. "Baba, I don find am o! A ba ni kayana."

"Foyinta aka ce maka," in ji Baba. "Aikinta nunawa, ba ci ba."

Ya ɓare ƙwan a gabanmu, ya ciro gishiri daga cikin kwalin diski, ya cinye abinsa.

Tsimi kuwa, kai! In an ɗauke wuta ba ya tada janareta sai ka bi furogiram ɗinka da fensir, layi bayan layi, ka rubuta abin da zai fito. "Yau kai ne kwamfuta," zai ce. "Ka fi ta arha, ba ka shan fetur." Takarda sai an ci gabanta da bayanta da gefenta. Kirtanin firinta in ya bushe, da tawada da ɗigon man gyaɗa yake farfaɗo da shi, shi ya sa satifiket ɗinmu duk ƙamshin ƙuli-ƙuli suke yi. Ku duba naku, ku shinshina.

To, Madam ɗin da na ambata shugabar wata ƙaramar makarantar kuɗi ce a Madalla. Ta kawo wa Baba aikin buga sakamakon jarrabawar ɗalibanta, don iyaye su ga makaranta ta waye. Shi ne aikin waje na farko da ya taɓa samu, kuma ni ya ba wa. Ba don na fi kowa surutu ba, kun san wata uku na yi a ajin kafin wasunku su ji muryata. Ya ce don ni kaɗai ke ja layi da rula. Kowane yaro layi ne, kowane darasi gurbi. Darussa biyar na tsara.

Da suka zama shida, na gyara wajen da ake shigar da maki. Na gyara kanun takardar sakamako. Na gyara wajen tarawa. Amma can ƙasa, a layin da ke ɗauko maki don bugawa, i*5 na nan zaune, ban taɓa shi ba. Yaro na farko makinsa ya fito daidai, don sifiri sau biyar da sifiri sau shida duk ɗaya ne. Na biyu ya fara da makin maƙwabcinsa. Kafin a kai tsakiyar aji kowa na sanye da rigar wani. Na kai wa Baba, ya duba layin farko da takardar Madam, ya ce "Madalla, kamar garin," ya sa hannu.

Ranar Litinin muna cikin darasi muka ji takalmi na dukan matakala. Madam ce, da takardu a hannu, ɗankwali ya karkace.

"Mista Bulus! Yaron da ko sunansa bai iya rubutawa ba, shi ka ba casa'in a lissafi? Babansa har kaza ya yanka! Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya tun nazare kuma ka kai mini ita ƙarshe, uwarta na ofishina tana kuka tun safe!"

"Madam, kwamfuta ba ta ƙarya."

"To wa ya yi ƙaryar? Wa ya buga wannan shirme?"

Ina nan a kujerar gaba. Na sunkuyar da kai cikin littafi, ina karanta layi ɗaya sau goma. Chinedu ya taka mini ƙafa, ban motsa ba. Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Ni na sa hannu," ya ce.

Abin da ta gaya masa a gabanmu ba zan maimaita ba. Mafi sauƙi a ciki shi ne ya koma ƙauye ya yi kiwon kajin da yake yawo da kiret ɗinsu. Kwana biyu ya yi yana rubuta sakamakon yaran da hannu, ya kai mata da kansa, ba ta ƙara kawo aiki ba. Ni kuwa tun a ranar na gano biyar ɗin a littafina. Har na ja masa layi da rula. Na rufe littafin, na yi shiru.

Shekara uku ina gudun mutumin nan. Satifiket ɗina ma Chinedu ya karɓo mini. In na hango hularsa a kasuwa sai in shige bayan masu doya. Wata rana a tasha na gan shi tafe, na faɗa cikin wata bas da ke tsaye, ashe mutum ɗaya ake jira. Sai a Lambata na samu bakin ce wa kwandasta ba tafiya zan yi ba. Ku yi dariya, na cancanta. Kullum ina cewa gobe zan hau matakalar nan in ce masa, Baba, ni ce. Har Chinedu ya aiko mini cewa ya rasu.

Allah ya ba shi hutawa. Allah ya duba 'ya'yan da ya bari, ya saka masa da abin da ya rufa mini.

Na je gaisuwa wajen matarsa, Mama Saratu. Na jira mata suka ragu, na matsa kusa da tabarmarta na faɗa mata komai, har da Lambata. Na ce, "Mama, da fushina ya tafi ko?"

Ta dube ni da kumburarrun idanu, sai ga ta tana dariya.

"Ke ce Rakiyar? Haba 'yata, wane fushi? Ai shi ma ɓuya yake miki! Ya ce yarinya ta kawo masa aiki don ya duba, shi da ke koya wa mutane dubawa ya dubi layi ɗaya ya sa hannu, da wane ido zai kalle ta? Ranar nan a tasha yana hango ki ya shige shagon mai ɗinkin mata. Awa guda ya yi a ciki yana tayin leshi."