Fararen Rigunan da Shawulu Ya Ninke

Har yau in na ji ƙanshin ɗanyar citta, tafin hannuna yakan fara zafi tun ban taɓa ta ba. A ƙauyenmu da ke tsakanin Kafanchan da Zonkwa citta ce ta rene mu. Gab da Kirsimeti ake tono ta a jibge a tsakar gida, kowa ya ɗauki ƙaramar wuƙa yana tsaga ta biyu, da safe a kwashe a kai kan dutse a shanya. Aiki ne mai cin rai, ga raɗaɗi a yatsu, kuma wanda ya manta ya sosa ido ya shiga uku. Kaka Ladi, mahaifiyar babanmu, ta san ba abin da zai zaunar da mu sai labari. Da mun gama cin faten acca, rana ta faɗi, sai ta tura itace cikin wuta ta ja kujerarta.

Mu huɗu muke zama kusa da ita, ni da ƙanena Bitrus da 'yan'uwanmu biyu. Baba ba ya zama. Da ya ga an kawo wuƙaƙe zai saɓa rigarsa ya ce yana da taron dattawa a coci. Ƙaninsa kuwa, Ayuba, wanda muke kira Baba Ƙarami, can gindin rumbu yake ajiye kwandonsa, inda hasken wuta ba ya kai wa sosai. Bai taɓa aure ba. An ce da can shi ke jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, amma ni ko gunguni ban taɓa jin ya yi ba. Mukan tsokane shi mu ce bebe, ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Kaka tana da tatsuniyoyin kura da zomo da yawa, amma lokacin citta labari ɗaya take yi, na Manzo Bulus. Ba ta iya karatu ba, a coci da wajen zumuntar mata ta haddace shi. Hausarta kuma irin ta tsofaffinmu ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta.

"Kai Rahila, hannun ka ya tsaya, bakin ka na tafiya," haka take fara da ni. "Ku ji da kyau. Wannan ba tatsuniya ba ne. Ya faru."

Mu abin da muke so shi ne wajen da aka zura Bulus cikin kwando ta katangar gari, da wajen da jirgin ruwa ya farfashe, da macijin da ya sare shi a hannu ya yarfe shi cikin wuta. Bitrus har roƙo yake a fara daga maciji. Kaka ba ta taɓa yarda ba. Kullum daga riguna take farawa.

Ta ce lokacin sunansa Shawulu, saurayi ne mai ilimi da zafin addini. Wata rana mutanen Urushalima suka kama wani bawan Allah, Istifanus, suka ja shi bayan gari za su jejjefe shi. Jifa kuwa ba a yin sa da babbar riga. Sai suka tuttuɓe suka miƙa wa Shawulu. A nan Kaka takan ajiye wuƙarta, ta shimfiɗa hannu a cinya, ta nuna mana yadda ya karɓi fararen rigunan ɗaya bayan ɗaya, ya kakkaɓe, ya ninke hannuwa ciki, ya jera su a kan dutse don kada su yi datti.

"Shi bai jefa ba fa. Ko ƙaramin dutse. Riga kawai ya riƙe."

A nan mukan ji ƙarar wuƙar Baba Ƙarami daga gindin rumbu.

Sauran labarin da sauri take tafiya da shi. Shawulu ya kama hanyar Dimashƙu don ya kamo masu bi, haske ya fyaɗa shi ƙasa, ya makance kwana uku, har wani Hananiya ya je ya ɗora masa hannu. Daga nan ya zama Bulus, bai sake zama wuri ɗaya ba. Gari gari yake bi da ƙafa, yana ɗinkin tanti don ya ci abinci, yana wa'azi a kasuwa da gidajen mutane. An yi masa bulala har ba a ƙirgawa. An kulle shi da mari a ƙafa. A wani gari shi ma aka jejjefe shi, aka ja shi waje ana zaton ya mutu, Kaka ta ce ranar ce ya san nauyin dutse. Teku kuwa, da yake ba ta taɓa gani ba, takan ce ruwa ne da jirgin ƙasan Kafanchan zai yi wata guda yana gudu bai kai bakinsa ba. A ƙarshe aka kai shi Roma cikin sarƙa, aka sare masa kai.

Ba ta rufewa da sarewar kan. Takan juya fuskarta wajen rumbu ta ɗaga murya kaɗan.

"Ko'ina ya je, da bakin shi yake faɗi. Gaban sarki, gaban talaka. Ya ce ranar Istifanus ina wurin, ni na riƙe riga. Ba wanda ya tambaye shi. Shi ya sa Allah ya iya aiki da shi."

Ina da shekara goma sha ɗaya na fara jin kaina. Malamin Sande-sukul, ajin yara na ranar Lahadi a coci, ya karanta mana labarin, na kasa kunne, ban ji an ce rigunan farare ne ba, ban ji an ce ya ninke su ba. An dai ajiye su a gabansa, shi ke nan. Da yamma ina ɗokin Kaka ta zo wajen rigunan, tana shimfiɗa hannu a cinya na katse ta.

"Kaka, kin ƙara gishiri! Malam ya ce ba a rubuta ya ninke ba."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta.

"Ni na gan shi da ido na."

Muka fashe da dariya. Bitrus ya faɗi yana birgima, wai ashe Kaka ta girmi Manzo Bulus. Muna cikin haka muka ji kwando ya kife. Baba Ƙarami ne ya miƙe, citta ta watse a ƙasa, ya fice bai waiwayo ba. Kaka ta ce in je in tsince. Ban gane komai ba a ranar, na dai ji kunya ba tare da na san dalili ba.

Akwai ɗaki ɗaya a gidanmu da ba mai kwana a ciki, muna ce masa ɗakin baƙo. Tabarma ce a naɗe a jingine, da buta, da wata jakar fata. Duk Asabar Kaka ke share shi da kanta. Sai da na gama kwalejin malamai, ta kwanta ciwon ajalinta, sannan ta sa na kai ta ɗakin, ta gaya mini na wane ne.

Malam Haruna sunansa, mai sayen citta daga cikin garin Kafanchan. A lokacin kowane mai saye yana da gidan da yake sauka duk shekara har kaka ta wuce, shi namu ne masaukinsa. Kaka tana da tukunya dabam da take masa girki. Shi ya koya wa Ayuba hawan keke. Shekara uku kafin a haife ni, ana saura kwana uku Kirsimeti, wani ya shigo a kan babur yana ihu cewa gari ya kama da wuta, an kashe mutanenmu biyu a tasha. Samarin ƙauye suna coci suna gwajin waƙa cikin sababbin fararen rigunan da aka ɗinka musu don bikin. Malam Haruna yana kan dutse tare da Kaka, yana duba ko citta ta bushe. Can suka same shi. Suka ja shi gangaren rafi.

Ayuba ya ce shi ba zai iya taɓa baƙon gidansu ba. Suka ce to ya riƙe musu riguna, kada su ɓaci kafin Kirsimeti. Daga kan dutsen Kaka tana hangen komai. Ta ga ɗanta ya karɓa, ya kakkaɓe, ya ninke. Ranar Kirsimeti suka jera a gaban coci suka yi waƙa, ko ɗigo babu a rigar kowa.

Sau biyu matar Malam Haruna ta zo ƙauyen da goyo a bayanta tana cigiya. Kowa ya ce mata ai tun safiyar ranar ya kama hanyar gari. Kaka ta ba ta ruwa ta sha, ita ma ta faɗi haka.

"Na ji tsoro soja su kwashe yara na," ta ce mini tana haki. "Ni ma na riƙe riga, Rahila. Inda suka binne shi ban sani ba, Ayuba ya sani. Ina so ya ɗauki kayan nan ya kai ma matar, ya faɗi da bakin shi. Shekara ashirin da biyar ina ba shi labari."

Ashe duk daren citta ba mu take yi wa labarin ba. Ta rasu bayan sati biyu. Baba Ƙarami ya haƙa kabarinta da hannunsa, ya koma gindin rumbu, bai je ko'ina ba.

Na yi fushi da shi shekaru. Na yi aure, na koma Sabon Tasha a Kaduna ina koyarwa, in na je gida gaisuwa kawai ke haɗa mu. A raina ina cewa da ni ce da tuni na je. Shekara uku ke nan da aka kira ni cewa jikinsa ya yi tsanani. Na same shi ya rame, jakar fatar da butar suna gefen shimfiɗarsa. Ya sa kowa ya fita.

"Ƙarshen gonar citta, gindin ɗorawa," ya ce. "Wurin da ba mu shuka komai. Ka sani."

Na sani mana. Nan muke ajiye gorar ruwa in mun je noma, saboda inuwa.

"Me ya sa ba ka je ba, Baba Ƙarami? Kaka ta mutu tana jira."



"In na je za su ce rigunan su wa. Bakwai ne. Na farko da aka miƙa mini na baban ka ne."

Da asuba Baba Ƙarami ya cika.

Na kawo jakar da butar Sabon Tasha, suna saman durowata. Bara na yi ƙarfin hali na shiga mota zuwa Kafanchan. Ban sha wahalar cigiya ba. Goyon nan da aka zo da shi ƙauyenmu ya zama magidanci, Sani, yana sayar da albasa a kasuwa. Na tsaya gaban rumfarsa jakar tana cikin ledata. Muka gaisa, na ce masa kakata ta san mahaifinsa a harkar citta. Fuskarsa ta washe, ya jawo mini benci. Ya ce tsohuwarsa tana nan da rai, ido ya tafi amma kunne garau, kuma har yau in ta ji an yi sallama da muryar dattijo sai ta ce a duba ko shi ne.

"Ko kakar taki ta taɓa faɗin wani abu, Madam? Ko hanyar da ya bi?"

Na ce ta rasu da daɗewa. Na sayi albasa, ya ƙara mini gyara mai yawa, na kamo motar Kaduna da jakar a cinyata.

Ina yarinya na ɗauka wahalar Bulus ita ce bulala da sarƙa da teku. Da na girma na ɗauka labarin Baba Ƙarami ne, matsoracin da ya kasa buɗe baki. Yanzu na san abin da Kaka ke gani a Bulus. Tafiyar ƙafa daga gari zuwa gari mai sauƙi ce. Abin da ya fi ƙarfin mu uku a gidanmu, ni da Kaka da Baba Ƙarami, shi ne mutum ya tsaya gaban waɗanda abin ya shafa ya ce ina wurin. Ni ba a ma haife ni ba a ranar, amma ni kaɗai na rage da na san gindin ɗorawar nan kuma nake da ƙafar zuwa. Tsohuwar tana ƙara tsufa. Ina jin tsoro, kuma ina jin kunyar tsoron.

Ni ma ina koyar da Sande-sukul yanzu. In muka zo kan Manzo Bulus, daga hanyar Dimashƙu nake farawa, yara kuwa ba su taɓa tambaya ba.

Baba yana wajena tun da Mama ta rasu. Ya haura tamanin, jikokinsa na hawa cinyarsa, a cocinmu kujerar gaba ake ba shi. Bai san na sani ba. Duk Asabar da yamma yakan miƙo mini farar rigarsa ta zuwa sujada, ya ce in kula kada ta yi datti kafin gobe. Ni nake goge ta. Ni nake ninke hannuwan ciki, in ajiye masa a kan kujera.