Fayil ɗin da Alhaji ya riƙe

"Ga shi ya sake ƙi," in ji Malama Rabi, mai shigar da sunayen ɗalibai masu jarrabawa a wani ofis a Dutse, farkon shekarun shari'a.

Kwamfuta biyu ce a ofishin, an haɗa su da waya, suna aiki da tsohuwar manhajar adana bayanai. Kullum da safe sai manhajar ta ce fayil a kulle yake. Wata biyu aiki ya tsaya, har an rubuta takardar mayar da Malama zuwa garin Buji, wai ba ta iya ba.

An canja waya sau biyu kafin a kira ni, ni mai gyaran kwamfuta, alhali lafiyarta lau. Irin wannan manhajar, in mutum ɗaya ya buɗe fayil, ba ta barin wani ya yi rubutu a ciki. Ashe Alhaji, shugaban ofis, shi ne yake buɗe shi da ƙarfe takwas, ya bar shi, ya kama karatun jarida har azahar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin nan mutum ɗaya yake ɗauka. In kana ciki, Malama ba ta shiga."

Ya cire tabarau. "Wata biyu! Ba wanda ya lura?"

Malama Rabi ta sunkuyar da kai. "Na lura, Alhaji. Amma wa zai ce wa babba ya fito?"

Ya rufe fayil ɗin, ya yaga takardar.

Jiya na gan ta a unguwar Takur, a ofishin nan ta yi ritaya. Ku fa, a wurin aikinku, wa ake jin nauyin ce masa ya fito?