Hoto na Talatin da Bakwai

Duk wanda ya taɓa sa rigar ƙwallon wata kolej a wannan gefen na Wagadugu, tun daga tsakiyar shekarun tamanin har zuwa lokacin da waya ta fara ɗaukar hoto, Salifu Mai Foto ya san fuskarsa, wani ma har da tabon da ke gwiwarsa. A Zongo aka haife shi. Mahaifinsa Bakano ne mai sayar da atamfa da shadda a kasuwar Rood Woko, kuma burin tsohon bai wuce ɗansa ya gaji rumfa ba. Salifu ya yi wata huɗu yana auna yadi, idonsa na kan hanya. A na biyar ya sayar da kekensa ya sayi tsohuwar kyamara a hannun wani ɗan Gana, tsohon ya yi fushi na shekara guda, daga baya ya sauko da kansa ranar da ya buƙaci hoton fasfo na zuwa Makka.

Ranar Alhamis da yamma ita ce ranarsa, don a ranar ne makarantu ke karawa da juna. Zai ɗaure jaka a bayan ɗan babur ɗinsa mobilet, ya isa fili kafin alƙalin wasa, ya jera yara goma sha ɗaya, biyar a durƙushe, shida a tsaye, ya yi ta faɗa da mai tsaron gida a kan ya daina rufe ido. Sauran kwanakin mako kuwa yana ƙofar gida da labulensa mai zanen jirgin sama. Akwai kwat guda ta aro da ta shiga jikin rabin samarin unguwa, da agogon hannu da ya daina tafiya tun kafin a saye shi. Salifu ya yarda cewa aikin mai hoto shi ne ya fitar da mutum kunya. Mai gajeren wuya a ɗaga masa haɓa, mai yagaggen takalmi a tsayar da shi bayan tukunyar fure. Ya kan ce mutum yana da madubi a gida in gaskiya yake nema.

Abu ɗaya ya ɗauko daga rumfar mahaifinsa, wato gyara, ɗan ƙarin nan da mai sayarwa ke ɗora wa mai saye bayan an gama ciniki. Fim na wancan zamani hoto talatin da shida yake ɗauka, amma mai hannu mai kyau, in ya ɗaura shi a matse, yakan sami ɗaya a kai. Sauran masu hoto sayar da shi suke yi kamar kowane. Salifu ya ce a'a, kamfanin fim ne ya ba shi gyara, shi ma gyara zai bayar. Don haka hoto na talatin da bakwai ba ya zuwa kan wanda ya ci ƙwallo. In ya ji fim ya kusa ƙarewa sai ya juya wa fili baya, ya nemi wanda ba mai cewa a ɗauke shi: mai jan layi da toka, mai gadin makaranta, mai tsaron gidan da aka zura wa biyar yana zaune yana cizon yatsa. Sau da yawa ko wanke hoton ba ya yi. Ya kan yanke fim ɗin, ya sa a ambulan, ya rubuta sunan makaranta da shekara, ya jefa cikin gwangwanin biskit.

Gwangwanayen nan sun kai arba'in. Matarsa Larai ta yi mita har ta gaji, don sun cinye mata ƙarƙashin gado da saman kwaba. Ambaliyar shekarar dubu biyu da tara ta kwashe kusan rabinsu, Larai ta ce ruwa ya taya ta aiki, amma da ta gan shi zaune a tsakar gida yana shanya ragowar ɗaya bayan ɗaya a igiyar wanki, sai ta ɗauko masa ƙarin maƙalai. Yanzu Salifu ya haura sittin. Yana zuwa fili har yau da kyamarar zamani, sai dai kowane yaro da waya a hannu, kuma ba mai jiran kwana uku ya ga fuskarsa. Yana kewar jiran nan ƙwarai, da yadda yara ke kewaye mobilet ɗinsa ranar Litinin suna ƙwace hotuna daga hannun juna.

Wata Talata da hantsi wata matashiya ta yi sallama, da jariri goye a bayanta. Ta ce sunanta Mansura, daga unguwar Wemtenga take, kuma wani tela ne ya kwatanta mata gidan. Mahaifinta Razak ya rasu tana da shekara biyu. Kundin hotunansa a shagonsa na Rood Woko yake ajiye da shi don nuna wa abokai, gobarar kasuwa ta cinye shi. Ɗan hoton katin shaidarsa da ya rage kuma ruwan ambaliya ya wanke shi har ya zama fari fat. Ga shi ta haifi ɗa an sa masa sunan kakan, duk wanda ya zo barka sai ya ce ai Razak ne ya dawo, ita kuwa ba ta da abin da za ta gwada da shi.

Ta ce, "Baba, ban san fuskar mahaifina ba. Mama ta ce shi ne mai lamba tara na kolej ɗinsu, shi ke ci musu ƙwallo. Na ce in haka ne, ba zai wuce hannunka ba."

Ta faɗi sunan makarantar da shekarun. Salifu ya ce ta ba shi mako guda, ya kuma yi maganar da ƙarfin gwiwa, don mai lamba tara ba ya ɓuya. Shi ke durƙusawa a tsakiya da ƙwallo a gabansa.

Gwangwanin makarantar yana cikin waɗanda suka tsira. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ya dinga ɗaga fim yana hanga ta hasken rana, inda baƙi ke fitowa fari, fari ke fitowa baƙi. A bayan kowane ambulan akwai sunayen 'yan wasa da ya rubuta don rabon hotuna. Ya bi shekara uku kaf, wasa bayan wasa. Mai lamba tara wani dogo ne da ake kira Rasmane, wanda yanzu direban babbar mota ne, da ransa da lafiyarsa. Babu Razak a tsaye, babu shi a durƙushe.

Sai a kwana na uku ya ga sunan, can ƙasan wani ambulan, a gefen lamba talatin da bakwai. Da ya ɗaga fim ɗin sai yaron ya dawo masa gaba ɗaya. Ɗan siriri ne mai wushirya, wanda ba a taɓa sa shi a wasa ba ko na minti biyar. Shi ke zuwa farko, shi ke tsaron takalman 'yan wasa, kuma kullum a ƙarshen benci yake zama, can kusa da shingen waya. A hoton yana zaune da wata riga da ta yi masa yawa, ba lamba a jikinta, takalman mutane jibge a gabansa, bokitin ruwa a gefe. Ya juya kai yana dariya har da datashi. A can bakin hoton, bayan shinge, rabin wata yarinya ya shigo da farantin lemo a ka.

Salifu ya yi murna, sannan murnar ta koma ciki. Yarinyar nan ta rayu shekara ashirin da uba mai cin ƙwallo, shi kaɗai ne gadon da ta samu, kuma uwarta ce ta ba ta shi. Yanzu shi zai je da hoto a hannu ya ƙaryata gwauruwa a gaban 'yarta? Larai ta ce ya kai abin da ya samu kawai, shi ba alƙali ba ne. Ya ce mata ita ba ta san aikin ba.

Ba sauran labo a garin da ya sani mai wanke tsohon fim, don haka ya manna shi a jikin taga da farar takarda a baya, ya ɗauke shi da kyamarar zamani, ya kai wani shago a Sankaryaaré aka juya masa launin a kwamfuta. Nan ya yi abin da ya saba yi shekara arba'in. Ya sa aka yanke benci, aka yanke bokiti da takalma da mai lemo, aka bar fuska da kafaɗa. Ya fito tsaf, saurayi mai dariya a filin ƙwallo, wanda zai iya zama mai lamba tara ko kyaftin ma. Ya sa aka wanke shi babba. Har ya juya zai fita, ransa ya ƙi, ya ce a wanke masa cikakken ma guda ɗaya ƙarami, don bai taɓa ganin sa a takarda ba. Wannan ya sa shi a aljihun gaba, ba da niyyar nuna wa kowa ba.

Da kansa ya kai Wemtenga ranar Litinin bayan azahar. Mansura ta shimfiɗa masa tabarma, ta kira mahaifiyarta Zalissa, wata mace mai ƙiba da fara'a, wadda Hausarta ke gauraye da Mosanci. Ya zare hoton daga ambulan ya miƙa.

Mansura ta karɓa da hannu biyu. Ta kwanto jaririn, ta ɗora shi a cinya, ta dubi goshinsa, ta dubi hoton, ta sake duban kunnuwansa, sai hawaye suka zubo mata. Salifu ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce a zuciyarsa aiki ya yi kyau.

Zalissa ta karɓa ita ma. Ta shafa fuskar da babban yatsa, ta yi masa addu'a a hankali. Daga nan ta karkata hoton, ta dubi gefensa, ta juya bayansa, kamar mai neman abin da ya faɗi.

Ta ce, "Malam Salifu, ina sauran?"

Ya ce wane saura, Hajiya.

"Ranar nan ina wurin. Na ga lokacin da ka juyo da kyamara. A benci yake."

Kunya ta kama shi kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya fara kame-kame, yana cewa fim ɗin ya tsufa, gefensa ya lalace. Ta dube shi kawai ta miƙo hannu. Bai san lokacin da ya zaro ƙaramin daga aljihu ba.

Ta kai shi kusa da ido, sai ta fashe da dariya, dariyar da ta ƙare da goge ido da bakin mayafi. Ta jawo 'yarta, ta ɗora yatsa a kan rabin yarinyar nan mai farantin lemo. Ta ce wannan ɗankwalin na yayarta ne, ta sace shi ta ɗaura ranar, kuma ta sha duka da ta koma gida. Ta ce Razak bai iya ƙwallo ba ko kaɗan, in ya buga sai ta nufi inda Allah ya so. Sau biyu malamin wasanni ya ce masa ya daina wahalar da kansa, shi kuwa bai fasa zuwa ba, saboda ƙarshen bencin nan ne ya fi kusa da inda take tsayawa. Shekara biyu yana sayen lemo duk Alhamis, sai bayan aure ta gano ko son lemo ba ya yi.

Mansura ta ce, "To Mama, lamba taran fa?"

Zalissa ta ce, "Kina aji biyu kika dawo kina kuka, kowa na faɗin abin da babansa ya iya. Me zan ce miki? In ce ya iya zaman benci? Na yi niyyar gyara maganar in kin girma, sai na ga kin riƙe ta da ƙarfi."

Salifu ya sunkuyar da kai. Shekara arba'in yana yanke abin da yake ganin zai ba mutane kunya, yau ga shi ya yanke matar mutum daga hotonsa, ya bar shi yana yi wa iska dariya. Ya ce wa Zalissa ta yafe masa, bai sani ba. Ta ce ba komai, ai da bai juyo da kyamarar ba ranar, da babu ko rabin nata.

Mansura ta ajiye babban hoton a kan tabarma, ta riƙe ƙaramin. Ta bi idon mahaifinta da yatsa, daga benci, ta haye shinge, har zuwa farantin lemo. Ta tambaya ko za a iya wanke wannan ɗin babba, da bokitin da takalman da komai. Salifu ya ce jibi zai kawo. Da ya miƙe zai tafi ta bi shi har bakin ƙofa tana kwance bakin zani don ta ciro kuɗi, ya ɗaga mata hannu ya ce ta mayar.

"Na talatin da bakwai ne, 'yata. Gyara ce. Tun kafin a haife ki na ba shi, kawowa ce ban yi ba sai yau."