Fentin gadon Amira

Jama'a, yau mai shago ya ƙi sayar min da fenti!

Kwana biyu gadon katakon Amira na damuna, duk ya yi dauɗa, ko na goge ba ya fita. Maƙociyata Maman Joy ta ce in samu fenti mai ƙyalli, shi datti ba ya kama shi.

Na goya Amira sai wani shagon fenti a Sharaɗa. Na nuna wani gwangwani, na ce mai sheƙin nan nake so. Dattijon mai shagon ko kallon gwangwanin bai yi ba, bakin Amira ya leƙa!

"Ta fara haƙori?"

Na ce, "Biyu ne, Baba."

"To ajiye shi. Wannan na ƙarfe ne, injin kamfani ake shafa wa. Ita kuwa gadon za ta dinga gwaigwaya."

Wallahi gaskiyarsa! Kullum bakinta na gefen gadon nan.

Ya ba ni mai haɗin ruwa, mara wari. Ya ce kafinta ya shafa a tsakar gida, sai bayan sati guda ta kwanta a ciki.

Don Allah mai gadon yara a ajiye ta ara min na sati ɗaya.