Noelene da 'Yar Mesa

Shekara talatin Noelene tana tuƙa motar 'yan makaranta a garin Gympie. Tana ajiye aiki ta yanki lasisin kiwon maciji, ta nufi gidan Merv mai kiwon macizai, ta nuna 'yar mesa mai zanen darduma.

"Haba Iya," in ji Merv, "wannan ba ta farin shiga ba ce. Ƙananan irinta cizo gare su."

Noelene ta zura hannu cikin kejin mesar. Mesar ta kafa mata haƙora a yatsa. Noelene ba ta fizge ba, ta san fizgewa ke karya musu haƙori. Ta tsaya, jini na ɗiga, har mesar ta saki.

"Cizon ke nan?" ta ce. "Ɗan aji ɗaya ya yi min wanda ya fi wannan. Sa min ita a jaka."