Farcen Mai Rubuta Sunaye

A bakin kasuwar Madarunfa ana rubuta sunayen masu karɓar irin gero. Layi ya kawo kan Kulu, sarauniyar ƙyanƙyami, wadda sai ta wanke sabulu take wanka da shi.

Mai rubutun ƙato ne, yatsunsa kamar taɓare, kowanne na haɗa madanni huɗu a 'yar na'urar hannunsa. Shi ya sa ya tara farcen ƙaramin yatsa, dogo, rawaya, da alama tun yaye bai ga reza ba. Da shi yake sosa kunne, da shi yake zaƙulo ƙayar soyayyen kifi daga haƙori, da shi yake caccakar lamba biyar sau biyu kafin K ta fito. Gidansa kam ba mai faɗa masa gaskiya.

Ya miƙo mata na'urar ya ce, "Hajiya, danna koren nan da kanki, ko babu iri."

Koren madannin sai ƙyallin maiƙo yake. Kulu ta dubi hadarin gabas, ta tuna gonarta, ta runtse ido, ta danna.

Ga ta can kan hanyar ƙauyen Gabi, ta miƙe yatsan nesa da jiki kamar ta ɗauko mushen ɓera.