Bafaranshen Umm Ratib

Ina ƙarama na fara jin sunanta, ranar da mahaifiyata ta ce, "Maza gidan Umm Ratib, ki ce a ara mana Bafaranshe." Da na je, wata siririyar tsohuwa ta mirgino mini dunƙulen ƙarfe da ƙafa, ta ce, "Ɗauki mijinki, amarya. Kar ki sake shi a yatsanki."

Harsashin igwa ne, matan unguwa suka raɗa masa wannan suna. A unguwarmu da ke birnin Akka, duk mai jiƙa gauta a man zaitun sai ta danne shi da wannan ƙarfe ruwan ya tsane. Dutse ba ya yi musu, in ji su.

Sunanta na yanka Nazmiyya, ƙanwar kakata ce. Mijinta masunci ya rasu da wuri, da tulunan gauta ta raini 'ya'yanta. Ta ce lokacin da sojojin Faransa suka kewaye gari, Turkawa na bisa ganuwa, jiragen Ingila na harbi daga teku, harsashin ya faɗo tsakar gidan kakar kakarta ya fasa randa. Matar ta ce tunda sun fasa nata, ta riƙe nasu.

Da tsufa ya kama ta, ɗanta Ratib ya so kai harsashin gidan tarihi. Ina wurin.

"Inna, a gilashi za a sa shi, da sunanmu a ƙasa."

"Gilashi? Sai matan unguwa su danne gauta da me, da ƙaton kanka?"

"Tarihi ne fa, Inna."

"Tarihi ya ci abinci ya ƙoshi. Wannan ya zo kashe mu, mun sa shi aiki. A bar shi a bakin aikinsa."

Ratib ya yi dariya ya haƙura, amma ta san idan ta rufe ido maganar za ta dawo. Shi ya sa ta ba ni shi a gabansa. Yau yana gidan maƙwabta, jibi ya dawo wurina.

Ranar da ta ba ni shi, da na tashi tafiya ta riƙo hannuna ta ce, "Jumana, duk wadda ta aiko aro, ki ba ta, ko kuna faɗa. Kuma ki riƙa shafa masa mai, kar ya yi tsatsa."